Waiwaye: Asalin saɓanin shel wajen aika imel ta atomatik

Masu kula da kwamfutocin ofisoshi da ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Sakkwato suna ta ja-in-ja kan matsala guda: jerin umarnin da aka rubuta domin ya riƙa aika rahoto ta imel yana aiki sumul idan an kunna shi da hannu, amma idan aka bar wa cron, manhajar da ke kunna ayyuka a lokacin da aka tsara, ya tashe shi da tsakar dare sai saƙon ya ƙi fita. Wasu na ɗora laifin kan layin intanet, wasu kan ɗauke wuta, alhali tushen abin ya girmi da yawa daga cikin masu gardamar.

Tushen yana cikin shel, wato manhajar da ke karɓar umarni ta zartar, wadda ta daɗe da rabuwa gida-gida. Ta Stephen Bourne ta fito a 1979, Bash ta biyo baya a 1989, PowerShell kuma a 2006.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne sauyin watan Oktoba na 2006. Kafin lokacin, a yawancin nau'o'in Linux, duk wanda ya rubuta /bin/sh, wato adireshin shel ta gama-gari, a layin farko na jerin umarninsa Bash ce ke amsa masa, don haka marubuta suka saba kiran sunan wata shel suna amfani da dabarun wata, ba tare da sun lura ba. Da Ubuntu 6.10, wani nau'in Linux, ta mayar da /bin/sh zuwa wata shel mai suna dash, saboda ta fi sauƙi da saurin tashi, sai wannan sakacin ya fito fili. Debian, wani nau'in Linux, ita ma ta bi sahu a 2011. Dalilin sauyin mai kyau ne, al'adar rubutun ce gurguwa tun farko.

A harkar imel ga yadda abin ke cizo. Mutum ya haɗa kan wasiƙa, inda adireshin mai karɓa yake, da umarnin buga rubutu echo -e ya miƙa wa sendmail, manhajar aika imel. Bash ta fahimci -e a matsayin zaɓi, ita kuwa dash sai ta buga shi a farkon layi kamar rubutu, layin adireshin mai karɓa ya lalace. Cron kuma da /bin/sh yake aiki idan ba a gaya masa wata ba, shi ya sa gwajin rana ke wucewa na dare ya faɗi. Mafita ita ce printf, wani umarnin buga rubutu wanda halinsa kusan ɗaya ne a kowace shel, kuma yana nan tun kafin sauyin.

Masu amfani da macOS sun gamu da irin wannan daga 2019, lokacin da zsh ta zama shel ta asali, domin ita ba ta rarraba adireshin da aka jera cikin ma'ajiya (variable) guda, sai ta miƙa su dunƙule kamar sunan mutum ɗaya.