Hujjojin Kimiyya Kan Juyin Halitta

Juyin halitta shi ne yadda siffofin da masu rai ke gada suke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya, har a wayi gari sabon jinsi ya rabu da na asali. Charles Darwin da Alfred Russel Wallace ne suka gabatar da bayaninsa a 1858, Darwin kuma ya fitar da littafinsa a 1859. Tun daga nan hujjoji ke taruwa daga fannonin da ba su dogara da juna ba.

Mafi shahara ita ce burbushin halittu da ke cikin duwatsu, waɗanda ake gane shekarunsu ta auna lalacewar sinadarai masu fitar da tiriri. A 1861 aka tono burbushin wata tsohuwar halitta mai suna Archaeopteryx a Jamus: yana da gashin tsuntsu, amma ga haƙora da doguwar jela mai ƙashi. Labarin wani tsohon kifi mai suna Tiktaalik ya fi ɗaukar hankali, domin hasashe ne ya kai gare shi. Masanin burbushin halittu Neil Shubin da abokan aikinsa sun lissafa cewa halittar da ke tsakanin kifi da dabbobi masu ƙafa huɗu za ta kasance a duwatsu masu shekara kusan miliyan 375. Suka nufi tsibirin Ellesmere a arewacin Kanada, kuma a 2004 suka same ta: kifi mai wuya, mai ƙasusuwa a fiffikensa irin na gaɓar hannu.

Ƙirar jiki ma tana ba da shaida. Hannun mutum, fiffiken jemage da ƙafar gaba ta doki, aikinsu daban, tsarin ƙasusuwansu ɗaya.

Nazarin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin masu rai, ya zo daga baya, sai ya gaskata zumuntar da ƙasusuwa suka nuna. Mutum yana da tagwayen kromosom (ƙunshin DNA a cikin ƙwayoyin jiki) 23, manyan birai irin su cimfanzi kuma 24. A kan kromosom na 2 na mutum akwai tabon inda guda biyu suka haɗe, daidai da biyun da ke rabe a jikin cimfanzi.

Akwai kuma sauyin da ake gani da ido. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin kulorokwin a yankuna da yawa. A gwajin da Richard Lenski ya fara a 1988 da rukuni 12 na bakteriyar E. coli, rukuni ɗaya ya fara cin sinadarin sitiret cikin iskar oksijin bayan zuriya sama da 30,000, abin da kakanninsa ba sa iyawa.