Kalma ɗaya, a Sifen tana nufin isowa a Romaniya kuma tafiya

Wace kalma ce wannan?

Plicare, kalmar Latin ce, yaren Rumawan da, ma'anarta ninkewa ko naɗewa. Daga Latin ne Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci da yaren Fotugal da na Romaniya suka fito, kowa ya gaji kalmar amma ba kowa ya riƙe amana ba. Faransawa na cewa plier, mutanen Italiya piegare, su dai har yau ninkewa ce.

To ina rikicin yake?

A Sifen ta koma llegar, a Fotugal da Brazil chegar, duk ma'anarsu a iso. A Romaniya kuwa pleca, wato a tashi a bar wuri. Uwa ɗaya uba ɗaya amma sun juya wa juna baya.

Ya akai ninkewa ta zama isowa?

Bayanin da masana suka fi kawowa na masu jirgin ruwa ne, dama Rumawa na amfani da applicare, 'yar uwar plicare, idan an kawo jirgi gaɓa, kuma in jirgi ya iso sai an naɗe wannan babban ƙyallen da iska ke turawa, to yau da gobe wanda ya naɗe shi ne wanda ya iso.

Su kuma Romaniya fa?

Da can yankin Dacia ake kiran wurin, sarkin Rumawa Trajan ya ci shi da yaƙi a shekara ta 106 miladiyya, ta haka Latin ya shiga can. Ana danganta tasu ma'anar da naɗe tanti, soja ko makiyayi in zai tashi sai ya naɗe. Wannan kam ni bai ban mamaki ba, ai mu ma in aka ce wane ya naɗe tabarmarsa kowa ya san ba zama zai yi ba.

Amma llegar da plicare ko kama ba su yi ba ai?

Sun yi, sauti ne ya zame, kuma ba a nan kaɗai ba. Pl ɗin farkon kalma a Sifaniyanci yakan koma ll, a Fotugal ch, a Italiya pi. Duba ruwan sama: pluvia a Latin, lluvia, chuva, pioggia, Faransawa kuma suka bar pl ɗinsu a pluie. Abin dariyar ma Sifaniyawa suna da plegar daban in ninkewar suke nufi.