Sauka a Sabon Gari a Jamus Ga Mai Jin Turanci Kaɗai: Tambayoyi da Amsoshi

Ina jin Turanci sosai. Shin bai isa ba?

Zai ishe ka a wajen aiki ko jami'a, musamman a manyan birane irin su Berlin da Frankfurt da Munich. Inda yake gazawa shi ne wajen takarda. A dokar ƙasar, Jamusanci ne harshen hukuma, don haka wasiƙun gwamnati da fom-fom da yarjejeniyar haya duk da shi ake rubuta su, kuma ma'aikacin ofis ba dole ba ne ya yi maka Turanci ko da yana ji. A ƙaramin gari abin ya fi tsanani. Duk ranar da za ka je ofis, tafi da wanda zai yi maka tafinta, kada kuma ka sa hannu a abin da ba a karanta maka ba.

Me zan fara yi da zarar na iso?

Rajistar adireshi, wadda suke kira Anmeldung. Doka ta ba ka kwana 14 daga ranar da ka tare. Ana yin ta a ofishin rajistar mazauna gari, wato Bürgeramt, kuma za ka riƙe fasfo, da fom ɗin da ka cike, da takardar shaida daga mai gida mai tabbatar da cewa ka tare. Wannan ta ƙarshe ita ce take mayar da mutane gida hannu rabbana, domin yarjejeniyar haya ba ta maye gurbinta. Tarar jinkiri tana iya kai wa yuro 1,000. A manyan birane samun ranar ganawa kan wuce kwana 14 ɗin, saboda haka ka nemi rana tun da wuri, ka adana shaidar cewa ka nema a kan lokaci.

Kusan komai a kan wannan rajista ya rataya. Bayan ta ne za a aiko maka da lambar haraji mai alƙaluma 11 ta gidan waya. Idan wajen aikinka ba su samu lambar ba, za su cire maka haraji a aji na 6, wanda ya fi kowanne tsada, sai daga baya ka nemi a mayar maka. Bankuna da yawa da ofishin baƙi ma sukan nemi takardar rajistar.

To idan ban samu gida na dindindin ba fa?

Nan ne sabon zuwa yake maƙalewa. Mai gida yana son ganin takardun albashin wata uku da rahoton Schufa, kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane, kai kuwa ba ka da ko ɗaya. Mafita ita ce ɗaki mai kaya a ciki na 'yan watanni, ko ɗaki a gidan haɗaka. Sai dai ka fara tambaya: za a ba ni takardar yin rajista? Idan aka ce a'a, sau da yawa mai ɗakin ne ya saka ka ba da sanin mai gida ba. Wanda kuma ya ce yana ƙasar waje, ka tura kuɗi ya aiko da makulli, ɗan damfara ne.

Nawa ne ainihin kuɗin haya?

Talla takan nuna farashi biyu. Akwai kuɗin ɗaki zalla, akwai wanda aka haɗa da ɗumama gida da ruwa da kwashe shara. Na biyun ƙiyasi ne: sau ɗaya a shekara ake lissafa abin da ka sha, ko a mayar maka da ragowa ko a ce ka cika. Wutar lantarki da intanet galibi kai za ka ƙulla su da kanka. Kuɗin ajiya, wanda mai gida ke riƙewa har ranar da za ka tashi, ba ya wuce hayar wata uku ta ɗaki zalla, kuma kana da haƙƙin biyansa kashi uku. Gida marar kaya kuwa yana iya zuwa ba murhu, ba wurin wanke-wanke, har ƙwan fitila babu.

Ranar karɓar makulli ku zaga da mai gida, a rubuta kowane tabo da tsagewa, a ɗauki hoton mita. Abin da ba a rubuta ba, daga kuɗin ajiyarka za a cire ranar tashi. Da hunturu kuma ka riƙa buɗe tagogi gaba ɗaya na minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana. Gidajen a toshe suke, danshin numfashi da girki yana taruwa a bango mai sanyi ya zama fumfuna, daga nan sai rigimar wa zai biya gyara.

An ce wasiƙata ta koma. Me ya jawo?

Sunanka ba ya jikin akwatin wasiƙa. A yawancin gidaje ba a amfani da lambar ɗaki, da sunan mutum ma'aikacin gidan waya yake aiki. Manna sunanka tun ranar farko, daidai da yadda yake a fasfo. Kada ka jinkirta buɗe wasiƙa, domin hukuncin ofis yakan zo da wa'adin ƙorafi, galibi wata ɗaya. Cikin wasiƙun farko akwai ta kuɗin rediyo da talabijin, yuro 18.36 a wata ga kowane gida, ko kana da talabijin ko babu. Idan abokin zamanka yana biya, lambar da yake biyan kuɗin da ita kawai za ka aika.

Lafiya da zirga-zirga fa?

Inshorar lafiya tilas ce. Idan ciwo ya taso bayan an rufe ɗakin likita, kira 116117, idan rai na cikin haɗari kuma 112. Tikitin wata na ƙasa baki ɗaya, wanda aka fara a Mayun 2023, yana aiki a bas da jiragen ƙasa na yanki, ban da masu gudu na dogon zango, kuma yana sabunta kansa sai ka soke. Shiga bas ko jirgin ƙasa ba tikiti tarar yuro 60 ce.

Yaya zan zauna lafiya da maƙwabta, in kuma yi abokai?

Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, Lahadi ma haka, kuma shaguna a rufe suke ranar. Rarrabe shara ba wasa ba ne, don ita ce kan fara haɗa sabon zuwa da maƙwabci.

Ƙungiyoyin baƙi masu jin Turanci suna da amfani a watannin farko, wajen sanin likita ko lauyan da ke jin harshenka. Illarsu ita ce mutum ya shekara uku bai iya karanta wasiƙarsa ba. Kwas ɗin sajewa da al'umma darasi 700 ne, 600 na harshe zuwa matakin B1, wato matsakaicin matakin iya Jamusanci, 100 na doka da tarihi, kuma makarantar manya ta gari, Volkshochschule, takan koyar da shi. 'Yan gari kuwa a ƙungiyoyinsu ake samun su, na ƙwallo ko waƙa ko 'yan kwana-kwana na sa-kai. Da sun ji harshenka ya karye za su juya zuwa Turanci don su sauƙaƙa maka. Gode musu, ka roƙe su su ci gaba da Jamusanci a hankali.