Wutar lantarki ba hatsi ba ce da ake zubawa a rumbu

Mutane da yawa sun ɗauka kamfanin da ke kawo musu takardar kuɗin wuta shi ke samar da ita, ya tara a wani wuri, ya riƙa sakowa yadda ya ga dama. Ba haka abin yake ba.

Wutar da ta kunna fitilarka yanzu, yanzu aka samar da ita. Manyan layukan ƙasa ba sa ajiye komai. Dole abin da tashoshin samar da wuta ke fitarwa ya yi daidai da abin da jama'a ke sha a kowane daƙiƙa, ma'aunin kuwa shi ne bugun wutar: sau 50 a daƙiƙa a Turai da Afirka, 60 a Amurka. Da buƙata ta fi ƙarfin tashoshi sai bugun ya faɗi, in ba a yanke wa wasu unguwanni ba, tsarin gaba ɗaya na iya durƙushewa. Abin takaici ne yadda ba a cika yi wa mutane wannan bayani ba.

A ƙasashe da dama an raba aikin gida uku, kamar yadda Ingila ta yi a 1990: masu samarwa da kwal, iskar gas, ruwa, nukiliya, iska ko rana, mai jigila a manyan layuka, sai masu rarrabawa. Yawanci tashar da ta fi araha ake fara kira ta ba da wuta.

Akwai ajiya, amma kaɗan ce: batura, da madatsun da ake tura ruwa sama a sako shi daga baya don samar da wuta.