Waiwaye: Yadda 'yan sa-kai suka koya wa kwamfuta harsunan Indiya

Duk wanda ya taɓa rubuta "ƙasa" ya ga ɗan akwati ya fito a gurbin ƙ, ya ɗanɗani kaɗan daga abin da Indiyawa suka sha. Nasu ma ya fi tsanani. A rubutun Hindi, gajeren wasalin i bayan baƙi ake furta shi, amma a takarda gaban baƙin yake zama. Baƙaƙe biyu ko uku kuma kan narke su koma siffa guda. Na'urar da aka ƙera don haruffan Turanci ba ta san wannan dawan garin ba.

Gwamnati ce ta fara yunƙurawa. A 1991 aka tabbatar da tsarin ISCII na bai wa haruffan ƙasar lambobi, aka kuma kafa TDIL, shirin bunƙasa fasahar kwamfuta don harsunan Indiya. Sai dai kamfanoni ba su jira ba, kowa ya fito da nasa tsarin ya kulle. A wancan lokacin, kafin ka karanta jaridar Hindi a intanet sai ka sauke haruffanta, gobe ka leƙa wata jaridar ka tarar ba sa aiki.

A nan masu manhajar da kowa ke da 'yancin buɗewa da gyarawa suka shigo. Ƙungiyar IndLinux ta taso wajen 2000, ta masu harshen Malayalam, wato Swathanthra Malayalam Computing, ta biyo baya a 2001, masu harshen Bengali suka kafa Ankur. Yawancinsu ɗalibai ne da ma'aikata, da rana neman abinci, da dare fassarar GNOME da KDE (manhajojin fuskar allon kwamfuta) da OpenOffice (manhajar aikin ofis), layi bayan layi, dubbai.

Abin da suka rasa lokaci ne, shi kuwa tallafin kuɗi ne ya saya musu. Cibiyar Sarai, da aka buɗe a 2000 ƙarƙashin CSDS, wata cibiyar binciken zamantakewa a Delhi, ta riƙa ba da ɗan kuɗi na 'yan watanni ga mai aikin da zai saki kyauta ga kowa. Ba kuɗi ne na a-zo-a-gani ba. Amma ya isa mutum ya zauna ya gama tsarin allon rubutu, ko manhajar gyaran kuskure, ko ƙamus. Daga baya Google Summer of Code, shirin da Google ke biyan ɗalibai su yi aikin irin wannan manhaja, ya ɗauki wani kaso na nauyin, masu Malayalam suka shiga a 2007. Kamfanin manhaja na Red Hat kuma ya saki haruffan Lohit na rubuta harsunan Indiya a 2004.

Gardamar da ta fi jan hankalina ta kalmomi ce. Me za a kira fayil da Hindi? Wasu suka ce "sanchika", mai tushe a Sanskrit, tsohon harshen Indiya. Wasu suka ce ai mai shago a kasuwa "fail" yake cewa, a bar masa abinsa. Sai ka buɗe manhaja biyu a kwamfuta ɗaya ka ga suna biyu. Don kashe wannan wutar wani mafassarin Hindi, Rajesh Ranjan, ya fara shirin FUEL a 2008, inda mafassara da malaman harshe suka riƙa zama su daidaita kalmomin da aka fi gani a fuskar allo.

Inda gizo ke saƙar shi ne tallafi yana ƙarewa, manhaja ba ta tsayawa. GNOME duk wata shida take fitar da sabon zubi, da sababbin jimloli. Hindi da Tamil suna da hannaye da yawa. Cikin harsuna 22 da tsarin mulkin Indiya ya lissafa kuwa akwai irin su Bodo da Santali da Dogri, waɗanda sai a 2003 aka shigar da su, kuma a ƙaramin harshe mafassari ɗaya ya samu aiki a wani gari ya isa Turanci ya fara dawowa cikin allon.