Me Ake Nufi da "Auna Amfani da Illa" a Maganin Sankarar Tayirod?

Duk wanda likita ya shaida wa cewa yana da sankarar tayirod, zai ji ana maimaita wata magana a ɗakin ganin likita, wato a auna amfani da illa. Tayirod ita ce halittar nan mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban wuya, wadda kumburinta ne Hausawa ke kira maƙoƙo. Abin da ake nufi da maganar shi ne a ɗora abin da magani zai hana a gefe ɗaya na sikeli, a ɗora abin da zai iya ɓatawa a ɗaya gefen, sannan a duba wanne ya rinjaya ga wannan majinyacin shi kaɗai.

Dalilin da ya sa awon ke da nauyi a wannan cuta shi ne, mafi yawanta, kusan kashi 80 cikin 100, nau'in da ake kira fafilari ne, wanda ke girma a hankali kuma akasarin masu shi ke rayuwa shekaru masu yawa. Idan mutum zai daɗe a raye, illar da magani ya bar masa ita ma za ta daɗe tare da shi. Cire halittar baki ɗaya yana sauƙaƙa bibiyar cutar daga baya, amma yana wajabta shan ƙwayar lebotayroksin, mai maye gurbin sinadarin da tayirod ke samarwa, kullum har ƙarshen rayuwa, kuma aikin na iya taɓa jijiyar da ke motsa igiyoyin murya ko ƙananan halittu huɗu da ke daidaita sinadarin kalsiyom, abin da ke jawo dushewar murya ko jin kamar kiyashi na tafiya a leɓe da yatsu. Cire rabi yana rage wannan haɗari, sai dai wani lokaci a koma tiyata karo na biyu.

A nan ne nake ganin mutane ke kuskuren fahimta, suna ɗauka lissafi ne na likita kawai. Likita ya san yawan aukuwar kowace illa, amma bai san nauyinta a rayuwar wanda ke gabansa ba. Dushewar murya ga ladani ko malamin makaranta ba ɗaya take da dushewarta ga tela ba. Haka maganin ayodin mai tururin nukiliya, wanda ke ƙone ragowar ƙwayoyin cutar amma yake iya busar da baki da sauya ɗanɗano, yana buƙatar mace ta yaye goyonta kafin a ba ta, ta kuma jinkirta ɗaukar ciki wata shida zuwa shekara guda. Ga amaryar da ke ɗokin haihuwa, wannan jinkiri ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai ma zaɓin ƙin yin tiyata nan take. A shekarar 1993, wani asibiti mai suna Kuma da ke birnin Kobe na ƙasar Jafan ya fara sa ido da hoton na'ura a kan ƙarin sankarar tayirod da bai wuce santimita ɗaya ba, maimakon gaggawar cirewa, aka kuma ga mafi yawansu ba su ƙara girma ba. Abin da ya faru a Koriya ta Kudu ya ƙarfafa wannan tunani, domin tsakanin 1993 da 2011 adadin waɗanda aka gano suna da cutar ya ninka sau 15 saboda yawan gwaji, amma yawan mace-macen bai sauya ba. Duk da haka, akwai majinyacin da ba zai iya barci ba muddin ya san ƙarin yana wuyansa, ko wanda garinsu ke nesa da inda ake ɗaukar hoton, kuma irin wannan mutum yana da hujjarsa idan ya zaɓi a cire.