Kuɗin karatun 'yan riƙon hukuma a Amurka: riƙonmu na gida bai shiga ciki ba

Duk shekara idan Oktoba ta kama, lokacin da aka saba buɗe fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin Amurka, sai wata tsohuwar magana ta sake tasowa a tsakanin mutanenmu, daga Bironks har Hustan da Girinsboro. Wai duk yaron da bai tashi a hannun iyayensa ba, gwamnati za ta biya masa jami'a har ya gama, ta ba shi ɗaki da abinci, shi dai kawai ya amsa da "e" a wata tambaya guda. A 'yan kwanakin nan ma an ƙara wa maganar gishiri, ana cewa har marayun da ke Kano ko Damagaram za su iya nema daga can, in dai sun biya wani wakili kuɗin fom. A ɗaya gefen kuma ga waɗanda tsoro ya hana, yaran da hukuma ta taɓa ɗauka da gaske, an ce musu in suka ambata za a tono tsohon asirin gidansu. Duka ɓangarorin biyu sun ji rabin magana ne.

Tushen ruɗanin kalma ɗaya ce, riƙo. A wurinmu idan gwaggo ta ɗauki 'yar ɗan'uwanta, ko kawu ya ce a turo masa yaro ya yi karatu a wurinsa, an gama magana, ba alƙali ba takarda. Abin da Amurkawa ke kira fosta wani abu ne daban. Kotu ce ke cire yaro daga hannun iyayensa saboda cutarwa, ko sakaci, ko rashin mai kula da shi, ta danƙa alhakinsa ga hukumar kula da yara ta jiha ko ta gunduma, ita kuma hukumar ta zaɓi inda zai zauna. Yaran da ke cikin wannan hali a Amurka sun haura 300,000, kuma tsakanin 15,000 zuwa 20,000 ne ke cika shekarun girma kowace shekara ba tare da an mayar da su gida ko an samar musu iyali na dindindin ba. Domin waɗannan aka yi dokokin. Yana yiwuwa hukuma ta ajiye yaro a gidan kakarsa ko gwaggonsa, kuma a lissafa shi ɗan riƙon hukuma, amma abin da ya mai da shi haka shi ne umarnin kotun da ke bayan zaman. Yara biyu na iya kwana a ɗaki ɗaya a gidan kaka ɗaya, doka ta san ɗaya, ba ta san ɗaya ba.

Tambayar da ake ta magana a kai tana cikin FAFSA, fom ɗin gwamnatin tarayya da kowane ɗalibi ke cikewa. Kyauta ake cike shi, harafin farko na sunan ma, F na kalmar Turanci Free, abin da yake nufi ke nan, don haka duk wanda ya ce a kawo kuɗin fom ya riga ya nuna kansa. Kuma sai ɗan ƙasa, ko mai katin zama na dindindin, ko ɗan gudun hijirar da aka amince da shi da makamantansu ke samun wannan tallafi. Ɗalibin da ya shigo da bizar karatu ba ya ciki, balle wanda ke zaune a gida bai taɓa taka Amurka ba.

A ƙa'ida, ɗalibin da bai kai shekara 24 ba ana ɗaukarsa yana ƙarƙashin iyayensa, dole a rubuta abin da suke samu. Wata doka ta 2007, wadda ta fara aiki a 2009, ta ce idan a wani lokaci tun daga ranar da ya cika shekara 13 ɗalibi ya kasance a riƙon hukuma, ko a hannun kotu, ko iyayensa biyu sun rasu, to ana ɗaukarsa mai zaman kansa, ba a tambayar kuɗin kowa sai nasa. Yaron da ba shi da komai kuwa yakan samu cikakken tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell, wanda mafi yawansa a shekarun nan dala 7,395 ne a shekara. Ba bashi ba ne, ba a biya. Zama mai zaman kansa yana kuma ba shi damar cin bashin gwamnati mafi yawa, dala 9,500 a shekarar farko maimakon 5,500, kuma a nan ne wasu ke ganin kuɗi sun shigo su ɗauka duk kyauta ce.

Sai a lura da maganar maraici, domin nan ma harshe na yaudararmu. Mu da zarar uba ya rasu yaro bai balaga ba, maraya ne. A wannan fom, sai uwa da uba duka sun rasu. Wanda mahaifiyarsa ke raye, ko da tana Maraɗi ba ta da sisi, bai shiga wannan layin ba. Haka nan kawun da ya riƙe ka shekara goma, ya ciyar da kai, ya biya maka makaranta, fom ɗin bai ɗauke shi uba ba, sai in ya mai da kai ɗansa a gaban kotu. Idan kotun jihar da kake zaune ta naɗa shi waliyyinka a hukumance, wannan wata tambaya ce daban a fom ɗin, ita ma tana mai da ɗalibi mai zaman kansa. Amma wasiƙar da mahaifi ya rubuto daga gida yana cewa ya ba ƙaninsa amanar ɗansa, ko da an buga mata hatimi goma, ba ita ake nufi ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin masu tunanin yin ƙarya a nan ba su ma buƙatarta. Idan iyayen ɗalibi suna gida, ana rubuta abin da suke samu ne a juya shi zuwa dala. Albashin malamin firamare ko ribar ɗan tireda idan aka juya shi dala ba ya kai inda zai rage tallafi, saboda haka sau da yawa gaskiya na kawo kuɗin da ƙaryar za ta kawo. Wanda kuma ya rabu da iyayensa da gaske, saboda cutarwa, ko yasarwa, ko ba ya iya samunsu, akwai hanyarsa: ya bayyana wa ofishin tallafin makarantar, su duba hujjojinsa su yanke hukunci. Cewa iyaye sun ƙi biya kawai ba ta isa hujja ba.

To, me zai faru ga wanda ya amsa da "e" alhali bai taɓa shiga hannun hukuma ba? Masu yaɗa maganar sukan ce ba mai dubawa. Ana dubawa. Makaranta na da ikon neman shaida kafin ta saki kuɗi, umarnin kotu ko takardar hukumar kula da yara, kuma wanda ba shi da su nan zai tsaya. Idan kuɗin sun riga sun fita aka gano daga baya, zai mayar da su, kuma muddin bai daidaita wannan bashi ba ƙofar tallafin tarayya a rufe take gare shi. Inda makaranta ta ga alamar ganganci, wajibi ne ta miƙa batun ga ofishin babban sufeto na ma'aikatar ilimi. Dokar ta tanadi tarar da za ta iya kai dala 20,000, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko duka biyun, ga wanda ya karɓi kuɗin ta hanyar ƙarya da saninsa.

Ba kowane kuskure ne ke kai mutum kotu ba. Yaron da ya rikice tsakanin riƙon gwaggo da riƙon hukuma, ya gane, ya koma ya gyara fom ɗinsa, ba shi dokar ke farauta ba, sharaɗinta sani ne da ganganci. Amma ga mai katin zama wanda ke fatan zama ɗan ƙasa wata rana, ko ba a ɗaure shi ba, tabon damfara a takardunsa na iya biyo shi har gaban jami'in shige da fice. Wanda kuma ya rubuta cewa shi ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba, wannan ya fi komai muni, domin dokar shige da fice na iya rufe masa ƙofa har abada. Kuma sunan yaron ne a kan fom ɗin, ba na dattijon da ya ba da shawarar a bakin masallaci ba.

Kuɗi na biyu, wanda aka ware musamman domin 'yan riƙon hukuma, yana ƙarƙashin shirin Chafee. Sunan wani sanata ne daga jihar Rod Ailan, John Chafee, wanda ya rasu a 1999, shekarar da aka yi dokar. Bayan shekara biyu majalisa ta ƙara mata tallafin karatu da koyon sana'a da ake kira ETV, har dala 5,000 a shekara, ana iya kashe shi a kuɗin makaranta, littattafai, haya, sufuri, har da renon jariri ga mai ɗa. Wata doka ta 2018 ta ba jihohi damar biya har ɗalibi ya kai shekara 26, amma jimillar shekarun karɓa kada ta wuce 5. Zancen dala 12,000 da har yanzu wasu ke yi gaskiya ne a lokacinsa: ƙari ne na zamanin korona, kuma ya ƙare a ƙarshen Satumban 2022.

Ba a nan gizo ke saƙar ba, a shekaru yake saƙa. FAFSA ta ce 13. Dokar Chafee na magana a kan wanda ya kasance a riƙo yana da 14 ko fiye, sannan ta ambaci wanda wani iyali ya mai da shi ɗansu, ko dangi suka karɓi waliccinsa, bayan ya cika 16. Jihohi ne ke raba kuɗin, kowace da nata ma'auni. Kaliforniya, alal misali, tana neman a ce yaro ya kasance a riƙo tsakanin shekara 16 da 18. Saboda haka yarinyar da ta yi shekara tara tana yawo daga gida zuwa gida, aka samu masu tausayi suka mai da ita 'yarsu tana da 12 da wata goma sha ɗaya, ta rasa duka biyun. Wanda ya shiga hannun hukuma na 'yan watanni yana da 17 kuwa yana iya samun duka. Na fahimci cewa dole doka ta ja layi a wani wuri, amma layin da zai sa iyali su zauna suna lissafin ko su jinkirta karɓar yaro har ranar haihuwarsa ta wuce, da wuya in kira shi adalci.

Ita ma dala 5,000 ɗin tun farkon shekarun 2000 take a haka ba ta motsa ba in ban da ƙarin zamanin korona, alhali kuɗin karatu kaɗai a jami'ar gwamnati ga ɗan jiha ya haura dala 11,000 a matsakaici, idan aka haɗa ɗaki da abinci da littattafai kuma a kai kimanin 30,000. Sannan kalmar "har" da ke gaban adadin tana da aiki. Abin da majalisa ke warewa ga ƙasar baki ɗaya bai kai dala miliyan 50 a shekara ba, don haka akwai jihohin da ke ba da ƙasa da 5,000, akwai inda wanda ya makara zai tarar an cinye.

Maganar "jami'a kyauta" daga dokokin jihohi ta samo asali, kuma fiye da rabin jihohin na da wani abu mai kama da haka. Teksas na yafe kuɗin karatu a makarantun gwamnatinta ga yaran da suka fito daga hannun hukumarta, amma ba ta biyan ɗaki, abinci ko littafi. Fulorida na yafewa har shekara 28. Pensilbaniya ta haɗa har da jami'o'i masu zaman kansu, sai dai abin da ya rage bayan an cire sauran tallafi take yafewa. Minesota ta fi su buɗe hannu, tana duba dukan kuɗin zama ɗalibi. Galibi kowace jiha nata 'ya'yan take yi wa, a nata makarantun.

Ga waɗanda suka cancanta da gaske, kuma akwai su a cikin 'ya'yanmu ko da ba ma son faɗa, amsa wannan tambaya ba ta sake buɗe shari'ar da aka rufe. Ofishin tallafi shaida yake nema cewa an yi riƙon da kuma lokacin da aka yi shi, ba labarin abin da ya faru a gida ba. Gyaran doka da ya fara aiki a shekarar karatu ta 2023-24 ya ma sauƙaƙa abin: bayan umarnin kotu, ana karɓar tabbaci daga hukumar kula da yara, ko lauyan da ya tsaya wa yaron, kuma idan makaranta ta amince sau ɗaya, a ƙa'ida ba ta sake tambaya kowace shekara. Hikima ita ce a karɓi wannan takarda tun kafin a bar hannun hukuma, a ajiye hotonta a waya, domin ma'aikacin da ya san fayil ɗinka bana, baɗi wataƙila ya bar aikin.

Samun kuɗin kuma ba ya nufin sun zauna. Yawancin makarantu na son matsakaicin maki ya kai 2.0 cikin 4.0, ɗalibi kuma ya ci aƙalla kashi biyu cikin uku na darussan da ya yi wa rajista. Wanda ya janye kafin a ci kashi 60 cikin ɗari na zango ana iya cewa ya mayar da wani ɓangare na abin da ya karɓa. Tallafin Pell kansa zango 12 ne a rayuwa. Akwai damar ɗaukaka ƙara a makaranta idan rashin lafiya ko rashin matsuguni ne ya jawo faɗuwar, kuma ga waɗannan yara rashin matsuguni ba baƙon abu ba ne. Ɗakunan kwanan jami'o'i da yawa ana rufe su a hutun Disamba, kowa ya ja akwatinsa ya tafi gida. Wasu makarantu kan bar irin waɗannan ɗalibai su zauna idan sun nema da wuri, don haka tambayar inda za a kwana a hutu tun ranar rajista ya kamata a yi ta.